Martani: Ba Ruwa Ne Ke Cinye Gashin Mata Ba

A farkon wani hunturu wata marubuciya mai shafin kwalliya a wata mujallar mata ta kawo shawarar da ta samu karɓuwa a ɗakunan kitso da gidajen biki. Abin da ta ce a taƙaice shi ne gashin baƙar fata ba ya shiri da ruwa. Macen da ke son gashinta ya yi laushi, in ji ta, ta nisanta shi da wanki, ta bar kitso ya yi wata biyu ko uku ba tare da ruwa ya ratsa shi ba, ta riƙa cika tsagar kitson da basilin ko man kitso kowace safiya. In kuwa gashin ya ƙi jin magana, ta sa masa rilaksa ta huta. Hujjojinta uku ne: tulin gashin da mace ke gani a mataji duk ranar da ta wanke kai, yadda gashi ke ƙanƙancewa ya yi tauri bayan ya sha ruwa ya bushe, da kuma matan Chadi masu gashi har gadon baya, waɗanda ta ce ba su san komai ba sai mai.

Baiwar Allah ba ta yi ƙarya a abin da idonta ya gani ba. Gashi yana zuba ranar wanki, yana ƙanƙancewa, matan Chadin ma suna da gashi. Ta kuma yi gaskiya da ta ce mace ba ta buƙatar kwalaben ƙasar waje masu tsadar gaske kafin ta gyara kanta. Inda ta kauce hanya shi ne wajen gano mai laifi. Ta kama ruwa ta ɗaure, ta saki mataji da sabulun wanki da matsattsen kitso suna yawo.

Sai an san yadda gashin yake kafin a yanke masa hukunci. Silin gashi, da zarar ya fito daga fata, ba abu mai rai ba ne. An gina shi da keratin, sinadarin da aka gina farce da shi, a bayansa kuma akwai ƙananan ɓawo masu hawa kan juna da ke kare cikinsa. Fatar kai tana fitar da wani maiƙo nata na halitta da ke bin silin yana shafe shi. A gashin mutanen Indiya ko Sin, wanda yake miƙaƙƙe kuma zagayayye, wannan maiƙon yana gangarawa cikin sauƙi har jela. Na baƙar fata kuwa ba zagayayye ba ne, shafaffe ne, ga shi a murɗe tun daga ramin da yake tsirowa, saboda haka maiƙon yakan tsaya kusa da tushe, jelar ta zauna ba kariya. Kowace lanƙwasa a jikin silin kuma wuri ne mai rauni da zai iya tsinkewa. Farfesa Nonhlanhla Khumalo, likitar fata a Jami'ar Kef Tawun ta Afirka ta Kudu, ta duba gashin da aka taje a ƙarƙashin madubin likita a wani bincike da aka buga a shekarar 2000, ta tarar kashi 10 zuwa 16 cikin 100 na silin gashin 'yan Afirka sun ƙulle kansu da kansu, alhali a gashin sauran jinsuna bai kai kashi 1 ba. Wannan ƙullin shi ne mataji ke cin karo da shi ya fizge.

To me ke sa irin wannan gashi ya yi laushi ya lanƙwasu ba tare da ya karye ba? Ruwan da ke cikinsa, da santsin da ke bayansa. Gashi yana iya shan ruwan da ya kai kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa, kuma ko ba a jiƙa shi ba yana musayar laima da iskar da ke kewaye da shi. Basilin ba shi da ɗigon ruwa ko ɗaya a cikinsa. Daga ɗanyen man fetur ake tace shi, tun da Robert Chesebrough ya yi masa rajista a Amurka a 1872, aikinsa kuma shi ne toshe hanya kada laima ta fita. A wannan aikin ba shi da na biyu, shi ya sa yake maganin faso da tsagewar leɓe. Amma murfi ne, kuma wanda ya rufe randar da ba komai a ciki bai tanadi ruwan sha ba. Macen da ke lafta mai a busasshen gashi kullum za ta samu ƙyalli, ɗankwalinta ya yi maiƙo, matashin kanta ya yi baƙi, gashin kuwa yana nan da taurinsa.

Lokacin da marubuciyar ta zaɓa ta ba da shawarar ma shi ne mafi muni. Daga Nuwamba zuwa Maris, iskar da ke busowa daga Sahara takan sauke laimar iska a Kano da Sakkwato da Damagaram zuwa ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana, alhali a watan Agusta takan kai kusan 80. Shi ya sa gashin da ya yi laushi da damina ba tare da wata hidima ba, da hunturu sai ya koma ƙayau. Ga ƙura kuma. Ƙurar hunturu ba ta da abokin da ya wuce maiƙo: tana sauka a tsagar da aka cika da basilin ta manne, washegari a ƙara wani man a kai, wata ƙurar ta sauka. Bayan mako shida abin da ke gindin kitson ya zama wani farin danƙo mai kama da ƙullu, wanda duk makitsiyar da ta taɓa tsefe tsohon kitso ta san shi, ta kuma san warinsa.

Hujjarta ta farko, tulin gashi a mataji, ita ce ta fi kama hankali, domin kowace mace ta taɓa tsayawa tana kallon wannan tulin gabanta na faɗuwa. Amma lissafi kaɗan ya isa ya wanke ruwa daga zargi. Kan mutum mai lafiya yana zubar da sili 50 zuwa 100 kowace rana. Waɗanda wa'adinsu ya cika ne, wasu na tsirowa a madadinsu. Idan gashi a kitse yake, waɗannan silin ba su da inda za su faɗa, suna nan maƙale a cikin kitson. Kitson da ya yi kwana 60 yana ɗauke da sili 3,000 ko fiye da suka riga suka rabu da fata tun kafin a ɗebo ruwan wanki. Ranar tsifa ce suke fitowa gaba ɗaya. Ke nan tsawon zaman kitson da marubuciyar ke yabo shi ne ya tara tulin da take tsoratar da mata da shi.

Akwai dai ɓarnar da ake yi ranar wanki, kuma ita ce ta gaske. Mace ta tsefe kitso, ba ta tsaya ta zare waɗancan matattun silin da ke naɗe a gindi ba, ta sunkuya a bokiti ta zuba ruwa, ta goga sabulu, ta cuɗa gashin wuri ɗaya da hannu biyu. Matattun silin da danƙon mai da ƙura sai su cure da masu rai, su zama dunƙule. Ta goge da tawul da ƙarfi, ta bar shi ya bushe a sake, sannan ta ɗauko ƙaramin mataji ta fara daga tushe tana ja, ana jin ƙarar tsinkewa. Mai son ta san gaskiya ta ɗauki 'yan sili daga matajin ta duba. Dogon sili mai ɗan farin kai a gindinsa ya zuba ne da kansa, ba asara ba ce. Gajerun guntaye marasa farin kai kuwa karyewa suka yi, kuma hannu ne ya karya su.

Ƙanƙancewa, hujja ta biyu, ba ciwo ba ce. Murɗaɗɗen gashi in ya sha ruwa yakan koma ainihin naɗinsa, har ya zama rabin tsawonsa ko ƙasa da haka a ido. Gashin da ya jiƙe ya ƙi komawa, ya tsaya a miƙe laɓe-laɓe, shi ne wanda wuta ko sinadari suka kashe. Taurin da ke biyo baya kuwa yana zuwa ne in an bar shi ya bushe a sake ba mai ba kalaba. Masu binciken gashi sun daɗe da auna cewa gashin baƙar fata ya fi sauƙin tajewa a jiƙe fiye da a bushe, saɓanin miƙaƙƙen gashi. Gaskiya ne jiƙaƙƙen sili yana da rauni in aka ja shi da ƙarfi, to amma abin da wannan ke nema shi ne a sassauta hannu a ƙara santsi, ba a gudu daga ruwa ba.

Abin da ya fi ba da mamaki a rubutun shi ne yadda aka jingina shi da al'ada, wai haka iyaye da kakanni ke yi. Wace kaka? Tsohuwar Bahaushiya ba ta taɓa kan jikarta sai ta jiƙa karkashi. Ganyen nan da ake miya da shi, in aka zuba masa ruwan ɗumi ya jima, yauƙin da yake saki yana ratsa gashi ya sa silin su riƙa zamewa a jikin juna, ƙulli ya kwance da yatsa, dauɗa ta fita ba tare da an kankare maiƙon fata ba. Aikin da kwandishana na kanti ke yi ke nan, kuma abin da masana'antun ke sayarwa da tsada shi ne wannan santsin. Wasu gidajen ganyen magarya suke dakawa, wasu yauƙin kuɓewa. Bayan an ɗauraye, gashin yana da danshi, sannan ake kawo man shanu ko man kaɗe a shafa, a raba shi a kama manyan kalaba kafin makitsiya ta iso. Ruwa, yauƙi, mai, kitso: jerin ke nan, kuma mai ne na uku. Ɗanyen man shanun da Fulani ke kawowa ma ba zallan maiƙo ba ne, akwai ragowar ruwa da nono a jikinsa, abin da ya sa yake saurin laushi a gashi, ya kuma sa yake saurin tsami in ya kwana biyu a kai. Masu jefa kanwa a ruwan karkashin wanke kai dai su bar wa miya kanwarta, dalili na tafe.

Su kansu matan Chadin da aka kafa hujja da su, shaida ce a kan marubuciyar ba a gare ta ba. Garin chebe da suke amfani da shi, wanda ya cika kasuwanni yanzu daga Anjamena har Legas da Landan, ana yin sa ne da 'ya'yan wata bishiya da ke fitowa a yankin Gera mai duwatsu a tsakiyar Chadi, a soya su a niƙa, a haɗa da kanumfari da wasu kayan ƙamshi. Wanda ya taɓa ganin yadda ake sa shi ya san da ruwa ake farawa. Ana ware gashi kashi-kashi, a jiƙa, a shafa mai, a barbaɗa garin, a sake jiƙawa, a sake shafawa, har a kai jela, sannan a kitse shi manya-manya a sake. A jikin gashin ake sawa, ba a fatar kai ba. Zaman yakan ci sa'o'i, bayan 'yan kwanaki kuma a maimaita. Ganyen da suke wanke kai da shi, wanda ake tallarsa yanzu a ƙasashen waje da sunan ambunu, karkashi ne, irin wanda ake aunawa da gwangwani a Kasuwar Rimi ta Kano. Chebe ba ya tsirar da gashi ko sili ɗaya. Abin da yake yi shi ne lulluɓe silin ya hana shi gogayya da karyewa, ga danshi a kai a kai, ga mataji ba ya kusantarsa. A haɗa da gado, domin yawancin matan da ake nunawa a hotuna daga Larabawan Chadi suke, naɗin gashinsu bai kai na Bakanuwa ko Bazazzagiya matsewa ba. Sayar wa mace garin chebe da alƙawarin gashi har ƙugu cin amana ne.

A nan ya kamata a faɗi wani abu da zai kwantar wa mata hankali. Wani bincike da Geneviève Loussouarn ta wallafa a 2001 ya nuna gashin 'yan Afirka yana tsirowa ƙasa da santimita 1 a wata, kimanin santimita 9 a shekara, alhali na Turawa ya ɗan haura santimita 1 a wata. Yana da jinkiri, amma yana tsirowa. Macen da gashinta ya shekara biyar a tsawo ɗaya ba tsirowa ya daina ba. Abin da ya fito a tushe ne yake karyewa a jela. Babu man da ke gaggauta tsiro, duk abin da mai talla zai rantse a kai. Aikin da ke gaban mai son tsawo shi ne riƙe abin da ya riga ya fito.

Mayukan ma ba ɗaya suke ba. A 2003 wasu masu bincike biyu a Indiya, Rele da Mohile, sun gwada man kwakwa da man da ake tacewa daga fetur da man furen rana, suka tarar man kwakwa ne kaɗai ke ratsawa cikin silin ya rage zubar sinadarin da aka gina gashin da shi lokacin wanki. Sauran biyun a baya suke tsayawa. Saboda haka wurin man kwakwa shi ne kafin wanki, a shafa a bar shi ya ɗan jima, kodayake wasu matan na kukan yana ƙara musu tauri da sanyi, domin yakan daskare. Wadda ta ga haka ta bar shi. Man kaɗe da man alayyadi da man zurma masu nauyi ne, wurinsu bayan wanki, a kan danshi, kaɗan, a fi ba jela ƙarfi. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen samar da ƙwarar kaɗanya, daga jihohin Neja da Kwara da Kebbi, don haka ba mu da uzurin neman na kwalba da aka kai Turai aka sa masa turare aka dawo da shi. Basilin ma yana da gurbi, a matsayin shafa ta ƙarshe a jela ranar da iska ta yi tsanani, da sharaɗin za a wanke shi a mako.

Cika tsagar kitso da mai kuwa, wanda shi ne ginshiƙin shawarar, ya fi kowanne illa. Fatar kai tana da nata maiƙon, ba ta roƙi ƙari ba. Yawancin abin da mata ke kira bushewar kai, farin garin nan da ƙaiƙayi, amosani ne, kuma likitocin fata sun danganta shi da wani naman gwari mai suna Malassezia da ke zaune a fatar kowa, abincinsa maiƙo. Man zaitun da makamantansa ciyar da shi suke. Mace ta ga fari-fari ta ɗauka bushewa ce, ta ƙara mai, garin ya kwanta kwana biyu ya dawo da ƙarfi, ta sake ƙarawa. Maganinsa wanki ne a kai a kai, in ya yi tsanani a nemi shamfu mai ketokonazol a kantin magani. Yaron da ke da makero kuwa, da'irar da gashi ke karyewa a cikinta, babu man da zai warkar da shi, sai maganin sha daga likita, kuma mataji da tsinken kitso da ake yawo da su daga kai zuwa kai su ne ke raba shi.

Da marubuciyar ta ce sabulu ne abokin gaba, da ta kusa gaskiya. Gashi da fatar kai suna da ɗan tsami, tsakanin 4.5 da 5.5 a ma'aunin pH. Sabulun wanka na yau da kullum da sabulun salo suna wajen 9 zuwa 10, wato ɓangaren kanwa, kuma duk abin da ke wannan ɓangaren yana kumbura silin ya ɗaga ɓawon da ke bayansa, gashi ya yi kaushi ya riƙa kama juna. Garin omo da wasu ke wanke kai da shi don ya fitar da danƙon mai, an yi shi ne don tufafi. A lura da yadda abin ke zagayawa: an lafta mai wata biyu, ba abin da zai fitar da shi sai sabulu mai ƙarfi, sabulun ya bar gashi kamar ba a taɓa shafa masa komai ba, sai a ce ruwa ne. Mai son sabulun salo ta narkar da kaɗan a ruwa mai yawa, ta wanke fata da shi ba jela ba, ta ɗauraye da ruwan da aka ɗiga wa khal ko lemon tsami, cokali ɗaya a babban kofi.

Sai batun rilaksa, wanda aka jefa a ƙarshen rubutun tamkar ƙaramin abu. Kowace mace tana da ikon zaɓar yadda take son kanta, ba a nan gardamar take ba. Gardamar ita ce kiran abin laushi. Rilaksan da aka fi amfani da shi iri biyu ne: mai soda, irin sodar da ake haɗa sabulu da ita, da wanda aka rubuta wa ba soda, wanda shi ma ɗan'uwanta ne a ƙarfi. Dukansu yawanci suna haura 12 a ma'aunin pH. Aikinsu shi ne tsinka mahaɗan da ke riƙe da naɗin gashi daga ciki, tsinkawar da ba ta gyaruwa. Gashin zai miƙe, mataji ya wuce sumul, amma ya fi na da rauni da saurin rasa laima. Khumalo da abokan aikinta sun auna wannan a 2010, suka tarar sistin, sinadarin da ke ba gashi ƙarfi, ya ragu sosai a gashin da aka sa wa rilaksa. Ƙunar da ke barin ɓawo a fata washegari, wadda wasu masu shago ke cewa alamar ya ci ce, ƙuna ce kawai.

Akwai kuma abin da ya fi gashi muhimmanci. A Oktoban 2022 masu bincike na cibiyoyin lafiya na gwamnatin Amurka sun fitar da sakamakon bibiyar mata 33,497 na kusan shekara 11. Cikin waɗanda ba su taɓa amfani da sinadaran miƙar da gashi ba, an ƙiyasta kashi 1.64 cikin 100 za su kamu da sankarar mahaifa kafin shekara 70. Cikin masu amfani da su fiye da sau huɗu a shekara, kashi 4.05. Masu binciken da kansu sun ce wannan alaƙa ce aka gani, ba a tabbatar cewa sinadarin ne sanadi ba, cutar ma ba mai yawa ba ce. Duk da haka marubuciyar da ke magana da dubban mata, cikinsu har da iyayen da ke sa wa yarinya 'yar shekara biyar rilaksa don sallah, bai kamata ta tsallake wannan ba tare da ko jimla ɗaya ba.

Rubutun bai ce uffan ba game da gaban goshi, alhali nan ne ciwon matan ƙasar nan yake. A unguwar Langa ta Kef Tawun, binciken da aka buga a 2007 ya samu zubewar gashi ta dalilin ja a kusan kashi 32 cikin 100 na manyan mata da kashi 17 na 'yan mata 'yan makaranta, haɗarin kuma ya fi yawa inda aka yi kitso ko aka ɗora ƙarin gashi a kan gashin da ya sha rilaksa. Ba sai an je Afirka ta Kudu ba: a dubi goshin amare bayan sati biyu da ƙananan kitson biki. Kitson da ya hana mace barci, ya sa ta shan fanadol, ya tayar da ƙuraje a gefen kunne, ya riga ya fara tuge gashi daga rami. Da farko yana dawowa in an sassauta. In aka shekara ana yi ramin yakan mutu, daga nan ba chebe ba man zurma. Gashin da ke zuba wata uku ko huɗu bayan haihuwa dabam ne, sauyin jiki ne kuma yakan dawo da kansa. In ya zarce ko ya zo da jiri da kasala, a auna jini.

Ga mace Musulma ma shawarar guje wa ruwa ba mai yiwuwa ba ce. Akwai wankan janaba da na haila, kuma shari'a ta sauƙaƙa, kamar yadda ya zo a hadisin Ummu Salama cewa ba sai ta tsefe kitso ba a wankan janaba, amma ruwa zai hau kai. Ke nan gashin yana jiƙewa ko an so ko an ƙi. Matsalar da ya kamata a yi wa mata bayani ita ce abin da ke biyo baya: ɗaura ɗankwali da hijabi a kan jiƙaƙƙen kai, wanda ke kawo wari da ƙaiƙayi. A matse kitson da tsohuwar riga mai laushi, a bar shi ya sha iska a cikin gida kafin a rufe. Ɗankwalin atamfa da rigar matashi ta auduga suna tsotse mai da danshi suna kuma gogar gefen goshi. Ƙyallen satin a ƙarƙashinsu, musamman da dare, yana rage wannan.

Ƙungiyar likitocin fata ta Amurka, a shawararta ga masu irin wannan gashi, ta ce a wanke sau ɗaya a mako ko a mako biyu, a sa kwandishana kowane wanki. Bai saɓa da abin da tsofaffi ke yi ba. A tsefe a hankali, a shafa ɗan mai a zare matattun sili da yatsa kafin ruwa ya taɓa kai. A raba gashin gida huɗu ko shida, a wanke kowane kashi shi kaɗai da ruwan ɗumi, da hantsi in ana tsoron sanyi. A taje shi yana cike da yauƙin karkashi ko kwandishana, da babban mataji, daga jela zuwa sama. A shafa man kaɗe yana da danshi, a kama kalaba ya bushe a ciki. Tsakanin wanki da wanki a fesa wa kitson ɗan ruwa bayan kwana biyu ko uku, a bi da mai kaɗan. Kitso yana wankuwa a kitse, ba sai an jira tsifa ba.

Shawarar marubuciyar za ta bar mata da kai mai ƙyalli da amosani da jela mai karyewa, ta kuma tura waɗanda suka gaji zuwa ga soda. Ya dace ta janye ta a shafin da ta buga ta. Iyaye mata kuma, duk ranar da yarinya ta fara kuka a gaban makitsiya, ku sa a tsaya a jiƙa gashin, a sassauta hannu a gefen goshi, ko da kitson ba zai kai sallah mai zuwa ba.